Karayar ƙasusuwan saman wuya: abin da aka tattauna a taƙaice

Ga abin da na tsinto daga wata tattaunawa da aka yi kan karayar C1 da C2, ƙasusuwa biyun farko cikin 7 na wuya.

1. Bakin masu tattaunawar ya zo ɗaya: wanda ya faɗo daga babur yana kukan ciwon wuya, kada a juya masa kai. A tallafe shi har asibiti, ba gidan maɗori ba.
2. A cikin hotunan cikin jiki da ake ɗauka a asibiti, hoton CT ya fi nuna karayar. Hoton MRI kuma don duba laka, wato babbar jijiyar da ke bi ta cikin ƙashin wuya da na baya.
3. In ƙashin bai goce ba, a sa abin ɗaure wuya mai tauri, mako 6 zuwa 12.
4. An rabu kan tsofaffi: wasu sun ce tiyata, tunda ƙashin C2 kan ƙi haɗewa, wasu na tsoron haɗarinta. Ni dai na fi karkata ga masu cewa a duba ƙarfin majinyacin tukuna.