Abin da aka tsayar kan ramukan kuza na Riruwai

A zaman da manoma, mahaƙa da masu unguwanni suka yi a Riruwai, ƙaramar hukumar Doguwa, maganar ƙasar sama ce ta fi cin lokaci. Duk mai buɗe rami ya fara kwashe ta ya tara gefe guda, kada ta cakuɗu da jar ƙasa da tsakuwar ciki. In aiki ya ƙare, duwatsu su fara komawa, jar ƙasa ta biyo, ita kuma a shimfiɗa ta a ƙarshe a zuba taki. A ganina wannan ta fi kowace shawara, don ƙarfi take ci, ba kuɗi ba.

Ramin da ya gagari cikewa a kwantar da gaɓarsa, a kewaye shi da ƙaya. Da damina ruwa kan shafe bakinsa, yaro mai kiwo ba ya gane zurfinsa.

Dattawa sun ce kada a yi garajen shuka hatsi. Gamba da jema tukuna su riƙe ƙasa, sannan bagaruwa da gawo.

Wankin kuza a cikin rafi kuwa an yi tir da shi; a haƙa ramin da laka za ta kwanta. Niƙa dutse a tsakar gida ma haka, tunda kowa na tune da Zamfara a 2010, inda gubar dalma daga irin wannan niƙa ta kashe yara sama da 400.

Wani malamin makaranta ya tunatar cewa dokar ma'adanai ta 2007 ta wajabta wa mai lasisi gyara filin da ya haƙa. "Ranka ya daɗe," ya ce wa dagaci, "kada a sa wa mai haƙa hannu a takarda sai an ga wannan a rubuce."