Shawarwari kan barin jami'a don shiga NBA

An yi tambaya ko ya dace ɗan wasa ya bar jami'a kafin ya kammala don shiga NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka. Yawancin waɗanda suka tofa albarkacin bakinsu sun ce in an tabbatar ɗan wasa zai fito cikin mutum 30 na zagayen farko na zaɓen sababbin 'yan wasa da ƙungiyoyin NBA ke yi, ya tafi kawai. Kwantiraginsu na shekara biyu tabbatacce ne, kuma rauni ɗaya a gwiwa na iya rushe komai. Karatu ba ya guduwa: ɗan wasan NBA Stephen Curry ya bar jami'ar Davidson a 2009, ya karɓi digirinsa a 2022.

Wanda ke rawa a zagaye na biyu kuwa, an ce ya dakata, tunda daga 2021 'yan wasan jami'o'in Amurka na samun kuɗin talla da sunansu. Ni ma nan na karkata. Wasu sun kawo Tim Duncan, da ya kammala jami'ar Wake Forest kuma aka ɗauke shi na farko a 1997, amma irinsa nawa ne?