Kuskuren bugu ne ko dai lalacewa ce a wannan dala ɗari?

Ɗan Wadata: Assalamu alaikum, malamai. Jiya a kasuwar Wadata da ke nan Yamai aka ba ni canji, sai na tarar da dala ɗari ta ƙarfe, wato sefa 500, wadda wani siririn layi ya ratsa ta gefen kifin nan na tambarin BCEAO, babban bankin da ke fitar da sefa a Afirka ta Yamma, kuma bakinta ya ɗan gutsure. Akwai wasu ƙananan alamu biyu da ban taɓa lura da su ba. Wani ya taya ta jika biyu, wato sefa 2,000, shi ya sa nake neman sani kafin in sallama.

Malamin Tawa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka fara shafa layin da farce. In ya taso sama da fuskar kuɗin, to hatimin da aka buga ta da shi ne ya tsage, ƙarfe ya kutsa cikin tsagar lokacin bugu, wannan kuwa kuskure ne na gidan buga kuɗi, kuma duk waɗanda aka buga da hatimin bayan ya tsage za su fito da layin a wuri guda. In kuwa layin ya nutse ciki, gefensa ya yi tudu, cikinsa yana ƙyalli, to karta ce ta wuƙa ko ta ƙusa, ba ta ƙara mata ko tamma. Alamun nan biyu ba kuskure ba ne. Ɗaya, mai siffar ƙaho, ta gidan buga kuɗi na Paris ce, wanda masana'antarsa take garin Pesak na Faransa tun 1973, ɗayar kuma ta babban mai sassaƙa hatimi ce, tana sauyawa da sauyin mutum.

Baba Maƙeri: Yaro, gutsuren bakin ne ya fi ba ni shakka. Dala ɗari da dala arba'in, tun fitowarsu a 2003, ƙarfe biyu ne, tsakiya da zobe, kuma na sha ganin yara suna dukansu da dutse don su fid da tsakiyar. Gutsure na asali yakan zo da lanƙwasa mai santsi, domin tun wajen yanke fallen ƙarfen aka samu tangarɗa, sannan ka duba ɗaya ɓangaren da ke daura da shi, za ka ga baki bai taso sosai ba. Na guduma ko na zarto kuwa kaifi gare shi, rubutun da ke kusa ma yakan baje. Ka kai ta wurin maƙerin zinariya ya auna ta tare da wata lafiyayya, amma kada ka wanke ta da toka ko lemun tsami, masu sha'awar tara irin waɗannan kuɗi ba sa son wadda aka goge.

Ɗan Wadata: Na gode, Baba, na gode Malam. Layin ya taso, amma gutsuren kaifi gare shi har yana kama zaren aljihu. Gobe in Allah ya kai mu zan kai ta awo, mai jika biyu kuma sai ya dakata tukuna.