"Chronic" a bakin likita: me za mu kira shi da Hausa?

Jama'a, akwai kalmar da na daɗe ina neman Hausarta, wato "chronic" da likitoci ke rubutawa a katin mara lafiya. Ina ganin na kusa tsayar da magana, amma ku taya ni dubawa.

Ga abin da ya tayar min da zancen. Na raka goggona asibiti, likita ya duba sakamakon gwaji ya ce ciwon ƙodarta "chronic" ne. Wani ɗan'uwanmu da ke tsaye ya sunkuya ya ce mata, "Goggo, wai ciwon ya yi tsanani." Nan take ta damƙe hannuna, na ji tafinta ya yi sanyi, ta ce, "Wankin ƙoda za a fara min ke nan?" Alhali kuwa tana mataki na 2 ne cikin matakai 5 na wannan ciwo, kuma sai an kai mataki na 5 ake maganar wankin ƙoda.

"Mai tsanani" ita ce fassarar da aka fi ji, kuma kuskure ce babba. Kalmar "chronic" ba ruwanta da zafin ciwo, lokaci take aunawa. Asalinta ma daga kalmar Girkanci ce mai nufin lokaci. A ciwon ƙoda, sai matsalar ta wuce wata 3 ake kiranta da wannan suna. A ciwon hanta nau'in B, sai ƙwayar cutar ta haura wata 6 a jini. Mutum zai iya yin shekara 10 da hawan jini amma ko ciwon kai bai taɓa ji ba. Zazzaɓin cizon sauro kuwa cikin kwana 2 zai kwantar da ƙato, amma ba likitan da zai sa shi a wannan aji.

Na gwada "daɗaɗɗen ciwo". Yana kusa, sai dai baya yake kallo. Wanda aka gano masa ciwon suga yau da safe, ai ba daɗewarsa ta baya ake son ya fahimta ba, zaman da zai yi da shi nan gaba ne.

"Mai ɗorewa" kunne bai karɓe shi ba. Ɗorewa abin fata ce, zaman lafiya muke yi wa ita.

Wani ya ce min "ciwon mutu-ka-raba". Wannan kam ban yarda da shi ba ko kaɗan. Yana karya zuciyar mara lafiya tun bai fara shan magani ba, kuma ba gaskiya ba ne a ko'ina: ciwon hanta nau'in C na iya shekaru a jiki, amma yanzu akwai ƙwayoyin da ke warkar da mafi yawan masu shi cikin mako 8 zuwa 12.

Inda na tsaya shi ne "zaunannen ciwo". Ba ni na ƙirƙiro shi daga sama ba, dama mukan ce "ciwon ya zauna masa a jiki". Abin da ya zauna ba baƙon kwana ɗaya ba ne, ba kuma lallai ya yi ta hayaniya ba. An san yana nan, ana lallaɓa shi. Wannan ma'anar nake so ta shiga kunnen masu jinya, domin da yawa da zarar awon jini ya sauko sai su ce Baba ya warke, a ajiye magani, alhali maganin ne ya saukar da shi. Kishiyar zaunannen ciwo kuma, wanda ke zuwa kwatsam, sai mu ce "ciwon farat ɗaya".

Da muka fito na ce mata, "Goggo, zaunannen ciwo ne, lallaɓa shi za mu yi." Ta yi shiru, sannan ta ce, "To maganin kullum ne ke nan?" Na ce kullum ne.

Likitoci da nas-nas da ke nan, ku gwada shi a ɗakin duba marasa lafiya, ku faɗa min ko ana gane shi ba sai an ƙara bayani ba.