Weber 38 da salansa mai inci 3 a Hilux 22R: ƙarin ƙarfi ko ƙarin ƙara?

Mai Gareji: Jama'a, ana ta yaɗa cewa tsohuwar Hilux mai injin 22R ba ta jan kaya sai an cire kafiretarta ta Aisan an ɗora Weber 38, a kuma sa bututun salansa mai inci 3. Ni ban yarda ba. Injin lita 2.4 ne, kuma ƙarfin jansa yana wajen juyi 2,800 a minti. Me zai yi da wannan uban maƙogwaro?

Ɗan Weber: Oga, kafiretar asalin ta tsufa. Sandar totur ta ci wurinta tana shan iska, ga tarin robobin iska da suka tsage. Weber 38 maƙogwaro biyu take buɗewa lokaci guda, kana takawa mota ta amsa.

Mai Gareji: To ai matsalar ke nan, ɗan'uwa. In ka buɗe duka biyun juyin injin yana ƙasa, ga buhuna a baya, iska ba ta da gudun da za ta tsotso fetur daga jet, wato ɗan ramin da ke auna fetur a cikin kafireta. Mota ta yi tari, ta nutse, sannan ta farfaɗo. A-kori-kura irin wannan, Weber 32/36 ce ta fi dacewa da ita: ƙaramin maƙogwaro mai milimita 32 ne ke aiki kullum, na 36 ba ya buɗewa sai ka taka kusan kashi biyu cikin uku. Mai ma ya fi auki.

Baba Bakanike: Ku dakata, yara. Kafin a sayi komai a auna matsin kowace silinda. Mai lafiya yana ba da wajen psi 170 (psi ma'aunin matsi ne). In ya sauka ƙasa da 140, ko wata silinda ta bar 'yan uwanta da nisa, ringi ko bawul ne, babu kafiretar da za ta gyara wannan. A saita bawul injin na da zafi: milimita 0.20 na shiga, 0.30 na fita. Sai taimin da fulogi. Rabin motocin da ake ɗora wa kafireta laifi a nan ciwonsu yake. Aisan ɗin ma tana da ɗan gilashi a gefe. In fetur na tsakiyarsa, kuma an wanke ta an sake gaskit, ta fi jure gangara da gargada.

Ɗan Weber: Na karɓi 32/36, Baba, amma ban janye cewa gara canji da faci ba. Sharaɗi dai: Weber ba ta son matsin fetur ya wuce psi 3 zuwa 3.5. A sa mata abin rage matsi, in ba haka ba mai ya rinjayi allurar da ke tsayar da shigarsa kafireta, ya malala, fulogi su yi baƙi. Farantin da ke haɗa ta da manifol kuma a goge shi ya kwanta sumul, don nan ne iska ke satar shiga, silo ya ƙi zama. Sukurun mai, wato mai daidaita yawan fetur a silo, a fara da juyi 2 waje. In sai ka kai 3 take zama, jet ɗin silo ya yi ƙanƙanta. A kula da jabu, sun cika kasuwa.

Mai Walda: Wannan ɗan iyakilinan (matatar iska) mai ƙyalli da ke zuwa da Weber ba na hanyar ƙura ba ne. A lokacin hunturu ƙura za ta cinye ringi. A haɗa ta da babban gidan iyakilina na asali.

Batun salansa kuwa, inci 3 ɓarna ce. Hayaƙi yana fita ne bugu bugu, kuma gudun kowane bugu ke jawo na bayansa. Bututu ya yi faɗi, gudun ya mutu, jan ƙasa ya tafi. Inci 2 zuwa 2.25 ya isa.

Ɗan Weber: Amma in an cire tukunyar salansa ai numfashi ya ƙaru, Malam.

Mai Walda: In ta toshe ne, i. A sauya ta da mai miƙaƙƙen ciki, ba a yar da ita ba. Abin da ya fi shaƙe mota shi ne lanƙwasar da aka murƙushe da wuta har bututun inci 2 ya tsuke. Wanda zai sa manifol mai bututu huɗu ya nemi mai kaurin baki, don siririn yana kantarewa ya ƙone gaskit, ya kuma nisanta robar fetur da wayoyi daga zafinsa.

Baba Bakanike: Kuma salansa ake fara yi, sannan a zaɓi jet, don canjinta yana sauya cakuɗin mai da iska. A yi tafiya da kaya, a kwance fulogi: ruwan ƙasa daidai ne, fari fat mai ya yi kaɗan, bawul na cikin haɗari. Motar da ke aiki a tudun Jos za ta so jet ɗan ƙarami fiye da ta Lakwaja.