Shaddata ta dushe bayan wanki, yaya zan dawo da sheƙinta?

Assalamu alaikum 'yan uwa mata. Don Allah ku taimaka mini da shawara, wata shadda ce ta sha mini kai.

Gezna ce ruwan toka, yadi biyar, a Kantin Kwari na saye ta. Tela ya ɗinka mini bubun nan da ake yayi, mai faɗin hannu, da aikin zare da 'yan duwatsu daga wuya har ƙirji. Na sa ta wajen kamu, humra ta ɗiga a gaban rigar, sai na kai wa mai wanki. Wallahi da ta dawo kamar tsohon zanen gado. Sheƙin ya tafi, ta yi laɓu-laɓu, ko ƙarar nan ta sabuwar shadda babu. Zargina shi ne ya jiƙa ta cikin garin sabulu, sannan ya bi ta da dutsen guga mai zafi, ko da yake ya rantse bai yi ba.

Na gwada sitatin feshi, ta ɗan yi tauri, amma fari-fari ya fito a jikinta. Gwaggona ta ce in kai wa masu bugu su sa mata ƙaro su buge ta. To, tsorona aikin wuyan, kada bugun ya farfasa duwatsun ya tsinka zaren.

Shin ana buga shaddar da aka riga aka yi wa aiki, ko sai an cire duwatsun tukuna? Kuma in aka sa ƙaro, launi mai haske irin wannan ba zai yi dabbare-dabbare ba? Bikin ƙanwata ya matso, shaddar nake son sawa ranar ɗaurin aure.