Mai zuwa Damagaram na kwana biyu, ga abin da aka ce

Na tattara shawarwarin da ƴan fadarmu ta hira suka bayar kan baƙon da zai yi kwana biyu ko uku a Zinder kuma aljihunshi ba nauyi. Kusan kowa da maganar ruwa ya fara, kuma wallahi gaskiyarsu ne, garin nan an san shi da ƙarancin ruwa, to kafin ka biya kuɗin otel ka shiga ɗakin da kanka ka murɗa famfo, ka tambaya ko suna da tanki da injin wuta saboda in kuran ya ɗauke cikin watan Afrilu barci sai dai wani. In lokacin hunturu ne ɗaki mai fanka ya isa, kar ka kashe kuɗi a na'urar sanyi.

Wajen unguwa an ɗan yi gardama, amma rinjaye ya tafi tsakiyar gari, tsakanin Birni (tsohon gari) da Zango, don kuɗin kabu-kabu ya ragu.

Wajen kallo kuwa Birni ne gaba. Fadar Sarkin Damagaram, lungunan nan da gidajen ƙasa masu zane a fuska, ga manyan duwatsu, ka tuna nan ne babban birnin Nijar har 1926 kafin a maida Yamai. Wani dattijo ya ce a je da sassafe, a nemi izinin dogarai kafin ɗaukar hoto, ni ma na goyi bayanshi. In ka dace da Alhamis ka leƙa Kasuwar Dole don kayan fata. Mirriya, garin tukwane da ke kusa da Zinder, sai in lokaci ya ragu.